Gilashin Goggo Wadi'a

Na gaji da Tekun Gishiri tun ina da gashi a kaina. Aikina ke nan: in ɗebi baƙi a garin Madaba na ƙasar Urdun cikin 'yar bas ɗina, in hau da su Dutsen Nebo su yi hawaye, in gangara da su teku su shafa baƙin taɓo su yi hoto, in kai su Kogin Urdun su cika kwalabe da ruwa mai kalar shayi da madara, da yamma in mayar da su masauki suna barci baki buɗe. Gobe ma haka, jibi ma haka. Motar kanta ta haddace hanyar, da tana da ido da na sakar mata sitiyari na kwanta abina.

Ranar nan ita ma haka ta fara, illa dai a kujerar gaba akwai Goggo Wadi'a, yayar mahaifina.

A nan Madaba aka haife ta, aure ya kai ta Zahle ta ƙasar Lebanon, ta zama 'yar can har da takarda. Autar gidansu kuwa, Goggo Nazha, wani mai gonar ayaba ta aura a Ariha, wato Yariko ta cikin Littafi Mai Tsarki, a ƙetaren kogi. Da takardar ziyara ta shiga, takardar ta ƙare, ta yi zamanta kuwa ba ta taɓa fitowa ba har ta yi 'ya'ya da jikoki. In ta kuskura ta fito ta gadar kan iyaka, ita da gidanta sai a lahira. Ita kuma Goggo Wadi'a fasfonta ba ya shiga can ko da roƙo ko da kuka. Waya ma daga Zahle ba ta zuwa Ariha, sai dai wannan ta kira gidanmu ta zube nata, a kira waccan a sauke mata. Mahaifina ne ke wannan dakon, da ya rasu na gaje shi. Sama da shekara talatin ba su sa juna a ido ba, alhali Goggo Wadi'a ce ta goyi Nazha bayan rasuwar mahaifiyarsu.

A shekarar ne mutanen ƙetare suka buɗe nasu gefen wurin baftisma ga kowa. Kogin a daidai nan bai kai faɗin falona ba, wanda ke wancan gefe kana iya ganin ko ya yi aski. Sai Bulus, ɗan Goggo Nazha, ya kira ni.

"Ɗan kawu, zan cusa ta a motar matan cocinmu, a tsakiyar mawaƙa. Ba a cika tambayar tsofaffi takarda ba in suna waƙa. Amma wallahi sau ɗaya zan yi wannan kasadar. In aka sauke ta a shingen sojoji, ban san inda za a kai min uwa ba."

Muka tsayar da rana, muka ce da an yi kiran azahar kowa ya kasance a bakin ruwa. Goggo Wadi'a ta bi ayarin zumuntar matan cocinsu na Zahle da suka zo ziyarar wurare masu tsarki, tare da limaminsu Fada Makariyus. Ni aka ɗauka haya, kuma washegarin ranar ganawar da safe jirginsu zai tashi.

Mako guda ta yi a gidana, kullum tana kan wayata da ƙanwarta, har faɗa suka yi a kan yadda mahaifiyarsu ke dafa mansaf, shinkafar nan tamu da naman rago. Na ce, "Goggo, ai kun gama ganawa, me ya rage?"

Ta ce, "Murya ta ishe ni, Jiryis. Muryar tsohuwa duk ɗaya ce. Fuskar nake so in gani, in san abin da duniya ta yi da yarinyar da na goya."

Tana faɗi tana gyara gilashinta. Gilashi ne mai kauri kamar gindin kofin shayi, wani likita a Beirut ya sa aka yi mata bayan aikin ido. In ta cire shi ba ta bambance mutum da firji.

A kan Nebo Fada Makariyus ya buɗe Littafi ya karanta inda aka nuna wa Annabi Musa ƙasar alkawari daga nesa. Na ji wannan karatun da Rashanci, na ji shi da Koriyanci, na san daidai inda ake fara jan hanci. Shugabar zumuntar, wata doguwa mai malafa da ake kira Sitt Tiriz, ita ta fara, sauran suka amsa. Goggo ko cocin da ke kan dutsen ba ta leƙa ba, ta ja ni bakin ƙarfen da ake tsayawa a hangi kwari.

"Wancan koren fa?"

"Ita ce Ariha."

"Wanne ne gidanta?"

"Haba Goggo, daga nan ko hasumiyar masallaci ba a rarrabewa."

Ta daɗe tana kallo, iska na kaɗa mata gefen ɗankwali. Can ta ce, "Shi ma bawan Allah haka aka yi masa, aka nuna masa aka ce ya isa. Shi annabi ne, ya iya haƙuri. Ni kam sai na matsa kusa."

Komawa mota ce ta tona mata asiri. Gwiwarta ta dama ta ƙi lanƙwasuwa, kowane taku sai ta cije leɓe ta zagi wanda ya shimfiɗa duwatsun. Na ce mata a kogi akwai 'yar tafiya daga inda mota ke tsayawa, amma suna da keken turawa, zan karɓar mata.

Ta juyo ta dube ni ta cikin gilashin nan, idanunta sun zama manya kamar na saniya. "Keken me? Nazha ta gan ni ana tura ni kamar buhun albasa? Ubanka ma bai isa ba, Allah ya jiƙansa."

Daga kujerar baya Sitt Tiriz ta miƙo wuya. "Ki shiga teku kawai, 'yar'uwa. Surukata da sanda ta shiga, da rawa ta fito. Taɓon nan ya fi likita."

Na so in ce wa Sitt Tiriz ta ji da malafarta, amma ba a yi wa mai haya tsawa. Na tayar da mota muka kama gangara. Kunnuwa suka toshe, birki ya fara wari, zafi ya rufe mu kamar an buɗe tanda. Matan suka rera waƙa rabin hanya, sauran rabin suka koma fifita.

A bakin teku na tsaya na yi musu huɗubata ta kullum. Kada kowa ya yi iyo ta ciki. Kada a fantsama. A shiga da baya a hankali, a zauna kamar za a zauna a kujera. Ruwan nan in ya taɓa ido, mutum zai kira sunan kakarsa. Wanda ke da gilashi ko agogo ya ba ni in riƙe.

Kowa ya miƙo nasa, ban da mutum ɗaya.

"Goggo, gilashin."

"In ba ka in taka me? Ka ji min yaro. Ni za ka koya wa tekun nan? Tun ubanka na yawo ba wando babanmu ke kawo mu nan ɗibar gishirin zaitun. Wannan karatun naka ka ajiye wa Turawa."

Gaskiyarta, ta san teku, sai dai ba wannan ba. Tekun da ta sani bakinsa shimfiɗe yake, yaro ma ya yi ta tafiya ruwa bai wuce idon sawunsa ba. Tun daga lokacin kowace shekara ja da baya yake yi. Inda suke shimfiɗa tabarma da babansu yanzu wurin ajiye motoci ne, sai ka sauka matakala har ka gaji kafin ka taɓa ruwa. Bakin da ya rage kuwa ɓawon gishiri ne mai kaifi a sama, taɓo mai santsi a ƙasa, taku biyu uku sai rami. Na faɗa mata haka, ta ce in tafi in ga ko Fada na bukatar a riƙe masa gemu.

Ta tattare riga zuwa gwiwa ta shiga ta gaba, yadda suke yi suna yara. Ina tsaye riƙe da agogunan mutane ina kallonta. Taku na farko lafiya, na biyu lafiya, har ta juyo za ta yi min gwalo. Sai ƙafar dama ta nutse a taɓo, ta hagu ta tafi neman ƙasa ba ta samu ba. Ruwan nan kuwa ba ya barin ƙafa a ƙasa, ɗaga ta yake yi sama. Ta kife a kan fuskarta.

Ban san lokacin da na watsar da agogunan ba. Na faɗa da takalmi da wando na cicciɓo ta. Allah ya taimaka bakinta a rufe yake, karo na farko a rayuwarta, ba ta haɗiyi komai ba. Amma ihun da ta yi da ta samu numfashi, na tabbata an ji shi a ƙetare. Muka kwantar da ita a kan dutse, matan suka yi ta juye mata ruwan gora a ido, kwalba bayan kwalba, tana kiran Budurwa Maryamu tana haɗawa da zagin Sitt Tiriz da surukarta.

Da zafin ya lafa ta kai hannu fuskarta. Ta shafa hanci, ta shafa kunne.

"Jiryis."

"Na'am, Goggo."

"Gilashina."

Na cire takalmi na koma ruwan. Ba a sa fuska a ciki, ba a ganin ƙasa, sai dai lalube da ƙafa. Fada Makariyus, Allah ya saka masa, ya naɗe rigarsa ta limanci har cinya ya shigo, muka yi ta taka taɓo kamar masu kwaɓa ƙasar gini. Gishiri ya yayyanka min tafin ƙafa, kowane yanka kuma ruwan ya shiga ya gaishe shi. Na tono murfin kwalba, na tono takalmin wani yaro, na tono cokali. Mai gadin bakin ruwa ya zo ya tsaya a kanmu da usur a wuya.

"Baba, ka fito haka nan. Abin da taɓon nan ya haɗiye sai dai jikokinka su tsinta, in teku ya ƙara ja baya."

A mota aka shiga zagayen gilasai. Kowace mace ta ciro nata ta miƙo gaba, Goggo na gwadawa tana mayarwa. Na wata ya sa ta jiri. Na Sitt Tiriz na rana ne, ta ce ya mai da duniya dare. Da ta sa na karatun Fada sai ta ɗaga hannu ta duba.

"Da wannan ina ganin zanen tafin hannuna sarai. Me zan yi da tafin hannuna, Fada? Na san shi."

Na tsaya a gefen titi na kira wani mai shagon gilashi da na sani a Madaba. Da na kwatanta masa kaurin, sai ya yi dariya ya ce irin wannan sai an aika Amman, a ba shi mako guda in an yi sa'a. Na kashe na kira Bulus, da niyyar in ji ko za a iya ɗagawa. Ban ko buɗe baki ba ya riga ni.

"Mun wuce shingen, ɗan kawu! Sojan ya leƙo, matan suka ƙara murya, ya ce mu tafi. Kuna ina? Tun asuba ta yi wanka ta zauna da jaka a cinya."

Goggo ta lalubo wuyan hannuna ta matse. Ban san tsohuwa na da irin wannan ƙarfin ba. Ta girgiza kai.

Na ce, "Muna hanya," na kashe.

"In ka faɗa musu, ban yafe ba," in ji ta ƙasa ƙasa, don kada na baya su ji. "Yarinya ta sa wuyanta a igiya ta zo don in gan ta, sai in ce mata ban gani ba? Kai za ka zama idona. Ka tsaya a bayana, ka riƙa faɗa min a kunne."

Na gaji, ƙafata na zugi, wandona ya bushe ya sandare da gishiri har yana ƙara in na motsa. Haushinta nake ji, haushin Sitt Tiriz nake ji, da na wanda ya fara cewa a raba ƙasa da kogin da akuya za ta iya tsallakewa. Amma tausayinta ya fi haushin yawa, sai na tayar da mota.

A ƙofar wurin baftisma muka bar motata muka shiga ta masu kula da wurin, ta sauke mu a bakin 'yar hanyar da ke ratsa kurmi. Mai yi wa baƙi jagora ya nuna keken turawa, Goggo ta ce ya hau da kansa. Da ƙafarta ta tafi, tana riƙe da damtsena. Ko taɓon ne ya yi aiki ko taurin kai ne, ban sani ba. Ƙudaje suka raka mu har bakin ruwa, daga wani ƙauye can baya muna jin ana kiran azahar.

Gefenmu rumfar katako ce da 'yan matakala, da wani soja matashi zaune a inuwa yana fama da ƙuda. Gefensu matakalar dutse ce fari fat, cike da baƙi cikin fararen riguna, ana dulmiya su ɗaya bayan ɗaya suna fitowa suna tari. Jagoran ya ce a yi magana a hankali, kada a jefa komai ƙetare, kada kuma kowa ya wuce igiyar da aka ja a cikin ruwa.

Bulus na fara gani, ƙato mai sanƙo irin nawa, yana ɗaga hannu. Da ba don yana riƙe da ita ba, da ban gane Goggo Nazha ba. Wata 'yar tsohuwa na gani cikin baƙaƙen kaya, ta ranƙwafa, kumatu sun faɗa, tana ƙanƙame da jaka a ƙirji. Ta ɗaga kai ta bi rumfarmu da kallo. Sai jakar ta faɗi, ta kai hannu baki ta rangaɗa guɗar da ta sa wani limamin Rasha sakin mutumin da yake dulmiyawa.

"Yaya! Yaya Wadi'a!"

Goggo ta saki hannuna ta ɗaga nata biyu tana kaɗawa da iyakar ƙarfinta, tana fuskantar wata Bahabashiya mai farin mayafi. Na kama kafaɗunta na juya ta kamar ina gyara mata tsayuwa.

"Hagu kaɗan. Baƙaƙen kaya. Yawwa, nan."

"Nazha! 'Yar banza, kin bar ni na tsufa ni kaɗai!"

"Kin yi ƙiba, Yaya! Me suke ba ki a Zahle?" Tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. "Me ya sami idonki ya yi ja haka?"

"Kuka na yi. Me kike so in yi, rawa?"

"Ina gilashin da Jiryis ke ba ni labari, wai kamar gindin kwalba?"

Goggo ko gezau.

"Na cire, don ki ga fuskata da kyau. Ko shi kika zo gani?"

Suka yi ta yi. Wace ce ta mutu, wa ya auri wa, itacen ɓauren tsakar gidanmu yana nan ko an sare. Duk sun faɗa wa juna wannan a waya, amma suka sake shi daga farko. Ni kuwa ina bayanta kamar mai raɗa wa liman karatu. Ina ce mata: ta zauna a matakala. Ta miƙe. Tana nuna miki Bulus, ki ce ya yi sanƙo. Goggo ta ce, "Wannan ƙaton ne Bulus? Ina gashin?" Mutanen gefensu suka fashe da dariya.

Can Goggo Nazha ta sa hannu cikin wuyan rigarta ta zaro wani abu ta ɗaga shi sama.

"Kin gane wannan?"

Na ƙanƙance ido. "Sarƙa ce siririya," na raɗa mata. "Da ƙaramin gicciye na zinariya, hannunsa ɗaya ya ɗan lanƙwashe."

Goggo ta ɗaga murya.

"Gicciyen Inna! Ɓarauniya! Shekara da shekaru ina zargin matar ɗan'uwanmu, ashe ke ce!"

Matar ɗan'uwan nasu uwata ce, amma na bar maganar a cikina.

Daga nan sai Goggo ta yi abin da ba mu shirya ba. Ta laluba da ƙafa ta sami matakalar katakon, ta fara sauka cikin ruwa da rigarta da komai. Na bi ta ina cewa Goggo, Goggo, ita kuwa ko waiwaye. In abu ya zo mata kusa kamar tsawon hannu tana ganinsa, wannan take nema. Ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, sanyinsa ya ratsa yankan ƙafata. Da Goggo Nazha ta ga haka, ita ma ta fizge daga hannun Bulus ta gangaro, yana biye da ita yana roƙo. Kowacce ta zo ta tsaya a bakin iyakarta. Abin da ya rage tsakaninsu bai fi daga ƙofar gidana zuwa ta maƙwabcina ba.

Goggo ta dunƙule hannu ta bar 'yar kafa ta kara a ido, kamar mai kare rana. Ta canja ido. Ta buɗe su duka biyu har hawayen gishiri na zuba. Ta jingina cikinta da igiyar ta miƙa wuya, igiyar ta fara bin ta.

"Me kike gani?" na tambaye ta a kunne.

"Baƙi a kan fari."

Ta ƙara turawa. Sojan ya miƙe daga inuwarsa ya zo bakin rumfa. Yaro ne mai kunya, muryarsa ma ba ta fita sosai.

"Hajiya, don girman Allah, iyakar ke nan. Kada ki ja min."

A ƙasar nan kowace tsohuwa Hajiya ce, ko da gicciye a wuyanta. Goggo ta tsaya. Ba ta ja da baya ba, ba ta kuma ƙara gaba ba.

Surutu ya ƙare musu. Goggo Nazha ta tsaya cikin ruwa tana kallon yayarta, tun daga ɗankwali har haɓa, a hankali, kamar mai cin abincin da ta san ba ƙari. Goggo Wadi'a ta tsayar da fuskarta cak inda na saita ta, tana murmushi, ta bari a kalle ta. Na zaro 'yar wayata na ɗauki hoto, na ce ko a gida ta duba da sabon gilashi. Abin da ya fito ruwa ne da ciyawa da wani baƙin ɗigo.

"Na gan ki, Yaya," in ji Goggo Nazha. "Yanzu ko gobe aka kira ni, na shirya."

"Ni ma na gan ki, auta."

Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ni ne na kau da kai na kalli kurmi.

Daga sama aka fara kiran matan cocin Ariha, direbansu na son ya wuce shingen kafin a canja masu gadi. Bulus ya tallabi uwarsa suka hau matakala, tana tafiya tana waiwaye, ruwa na ɗiga daga rigarta. Ya ɗauki jakar, ya ɗaga min hannu, suka shige bayan wani gini. Goggo na nan tana kaɗa hannu. Wasu Rashawa suka sauko suka cike wurin, tana ta kaɗa musu. Na bar ta ta ɗan ƙara, don ban san yadda zan faɗa ba.

"Goggo, sun tafi."

Ta sauke hannun. "Tun yaushe?"

"Yanzun nan."

Na fito da ita. Sitt Tiriz ta zo da tawul da guntun bayani a kan ikon Allah, Fada ya ja ta gefe. Matan suka cika kwalabensu, aka yi addu'a a gurguje saboda ƙuda, ayari ya kama hanyar komawa. Mu biyu muka zama na ƙarshe. Gwiwar ta dawo da ciwonta har da ƙari, yanzu duk nauyinta a kaina yake, takalmana na fitar da ruwa a kowane taku.

Na ce, "Baɗi in Allah ya kai mu, sai a yi miki gilashi biyu, ɗaya a ido ɗaya a jaka. Zan lallaɓi Bulus."

"Rufe min baki, Jiryis."

Na rufe. Ni ma na san Bulus ba zai sake ba, na kuma ga jakar magungunan da take sha safe da yamma.

Muka yi 'yar tafiya, sai ta tsaya a inuwar wani itace tana mayar da numfashi. Daga can gaba direban motar wurin ya danna ham.

"To, faɗa min," in ji ta. "Kada ka rage komai. Fara daga goshi."

Na buɗe baki na rasa ta inda zan kama. Ni direba ne, ban iya kwatanta fuska ba. Na dubi tata, ga ta a gabana: goshin da ya tattare, idanu jajaye, kumatun da suka zubo, gashi fari da ya leƙo ta ƙarƙashin jiƙaƙƙen ɗankwali, da haɓar nan ta gidanmu mai tsini. Sai na ga ashe aikin mai sauƙi ne, na faɗi gaskiya.

"Kamarku ɗaya, Goggo. Kamar an tsaga kara. In kuka jera ba mai cewa ga babba ga ƙarama."

Ta juyo da fuska inda muryata ke fitowa.

"Ƙarya kake," ta ce. "Nazha kyakkyawa ce."

Aka sake danna ham. Ta miƙo hannu tana laluben damtsena, na matsa kusa don ta same shi.